Kaset na Tara

Sau ɗaya tak aka taɓa ɗaukar muryar Yaya Rabi a kaset, kuma ni na bayar da kaset ɗin da hannuna. Ba wanda ya sace shi, ba gobara ba ce, ba ruwa ba ne. Na miƙa shi, aka yi min godiya, na ce ba komai. Tun daga lokacin nake yawan komawa baya a zuciyata, ina bin hanyar da muryar nan ta biyo kafin ta iso hannuna.

Unguwar da aka haife mu a kan dutse take, nan cikin Makka. Kakanninmu ne suka zo daga ƙasar Kano da ƙafa, suka sauke farali, suka zauna. Yanzu ba unguwar kaɗai ba, dutsen ma babu shi. An sare shi an kwashe a manyan motoci, an kafa dogayen gine-gine a gurbinsa. In na wuce ta wurin a mota nakan ɗaga kai in nemi daidai inda ɗakinmu yake, sai in ga wajen tagar hawa na shida ko na bakwai ne, a cikin iska. Abin da na fi tunawa da unguwar ba kamanninta ba ne, sautinta ne. Da asuba mai ruwa zai hauro matakala da garwa biyu rataye a sanda, sandar tana ƙara a kafaɗarsa, yana kiran a ba shi hanya. Sai akuyoyi, sai taɓarya a gidan maƙwabta, sai mai burodi yana buga ƙullu a jikin tanderu. Tattabarun Harami sukan tashi gaba ɗaya da hantsi, ka ji fukafukansu kamar ana kakkaɓe shanya. A yau ina zaune a unguwar Ka'akiyya, a shagga, wato sashe a gidan bene, hawa na biyu, gidan ɗana. Tagogi a rufe dare da rana, abin da kunne yake ji shi ne gurnanin na'urar sanyaya ɗaki. Ba na kuka da shi, ya fi zafi sauƙi. Amma yaron da ya tashi a nan bai san muryar maƙwabcinsa ba.

Mu biyu Inna ta haifa da suka rayu, Yaya Rabi da ni. Ta girme ni da shekara huɗu, kuma har ta koma ga Allah Auta take kirana, ko da na yi jikoki. Baba tsire yake sayarwa, amma in aikin Hajji ya zo yakan bi alhazai yana yi musu girki, kamar yadda duk namijin unguwar yake samun abin yi a kwanakin. Daga ranar da aka fita Mina sai gari ya zama na mata. Ranar Arfa mu tafi Harami da azuminmu, mu same shi fayau, mu yi ɗawafi ba mai ture mu. Bayan Sallah kuwa, a kwanakin da mazan ke can suna jifa, mata sukan haɗu a saman rufi da la'asar, kowacce da tiren shayinta da ɗan abin taɓawa. Inna takan ce, shekara ta maza ce, amma kwana ukun nan ko sarki bai isa ya karɓe su ba.

A kwanakin nan ne kawai ake fito da garmaho, akwatin kiɗa mai faifai. Na Kawu Sale ne, ƙanin Inna, wanda ya yi aiki a tashar jiragen ruwa ta Jidda. Wani matuƙi ne ya bar masa shi da faifai uku. Biyu sun fashe tun kafin in yi wayo, ɗaya ya rage. A lokacin ba a son a ji kiɗa yana fita daga gidan mutum, don haka a ƙarƙashin gado yake kwana, cikin akwatin ƙarfe, an lulluɓe shi da tsohon bargo. Jakar takardar faifan ta yage, rubutun ba wanda ya iya karantawa a cikinmu. Hoton dai yana nan: wata baƙar mace mai jiki, ido a rufe, baki a buɗe. Kawu ya ce 'yar Amurka ce, kuma a can ba wanda bai san ta ba. Hajiya Kande maƙwabciyarmu, wadda ba ta barin magana ta faɗi ƙasa, ta duba hoton ta ce, "Wannan ai tamu ce. Dubi goshi. Ko dai gwaggon wani ce a cikinmu da ta ɓata a hanya." Daga nan sunanta ya zama Gwaggo.

Zan yi ƙoƙari in faɗi yadda waƙar take, ko da yake ba ni da kalmomin masana. Gwaggo takan fara a hankali da Turancinta, kamar baƙuwar da ta shigo tana gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ba ta daɗe sai ta ajiye kalmomin gaba ɗaya. Abin da ke fita daga bakinta ba Turanci ba ne, ba kowane yare ba ne: da-ba-di-ba-dam, du-ya du-ya, irin wannan, da sauri, wani lokaci can sama kamar tsuntsu, wani lokaci ƙasa kamar namiji. Akwai mai busa wani abu a bayanta. In ya busa sai ta maimaita abin da ya faɗa da bakinta, ta ɗora masa ƙari, shi ma ya rama, har ka rasa wane ne ƙarfe wane ne mutum. Ranar farko da Inna ta zauna ta saurara sosai, ta ce, "Baiwar Allah, ta manta baitinta ne?" Hajiya Kande ta ce, "Wane mantuwa? Mutanenta ne suka hau ta, a kawo turare." Aka yi dariya. Yaya Rabi ba ta yi ba. Tana durƙushe kusa da garmahon, hannunta a kan mariƙin da ake wana shi, ta ce, "Ba mantawa ta yi ba, Inna. Ajiyewa ta yi, sun yi mata nauyi."

Ita kaɗai ce a cikinmu take saurare da gaske. Mu muna jin abin dariya, ita tana neman inda matar take jan numfashi. Ta nuna min cewa duk nisan da Gwaggo ta yi, duk tsalle-tsallen da ta yi, ƙafarta a kan bugun gangar take sauka, ba ta taɓa kuskurewa. Ta ce kamar yarinyar da ta ɗauko tiren ƙullu a ka za ta kai gidan burodi, tana saukowa daga dutsenmu tana tsallake matakala bibbiyu, amma tiren bai karkace ba. Kwana uku a shekara take jin faifan. Sauran kwanakin a ka take riƙe da shi, tana wanke-wanke leɓenta yana motsi ba sauti.

Shekarar da abin ya faru ina wajen sha biyu. Aikina ne in mayar da kaya bayan an tashi. Na sauko da garmahon, na koma ɗauko faifan sai Inna ta kira ni in kwashe shanya, na ɗora shi a kan katangar rufi na ce yanzu zan dawo. Ban dawo ba. Hajjin shekarar a tsakiyar zafi ya faɗo. Washegari bayan azahar da na tuna na hau da gudu, na tarar ya lanƙwashe kamar gurasar da aka ɗora a gefen murhu, ko taɓa shi ba a iya yi. Na ɓoye shi a zanena, na yi ta danna shi a ƙarƙashin turmi. Da la'asar mata suka hallara, rana ta ƙarshe, gobe maza za su dawo. Aka ɗora shi haka nan. Allurar tana hawa tana gangarowa, muryar Gwaggo tana ja tana sakewa kamar kyanwar da aka taka wa wutsiya. Hajiya Kande ta ce, "To, Gwaggo ta sha ranar Makka. Allah ya jiƙan rai." Inna ta dube ni kawai, kuma da ta doke ni da ya fi min sauƙi. Na fashe da kuka.

Yaya Rabi ta ɗaga allurar. Ta sauke kofuna daga tiren shayi, ta kife shi a cinyata, ta ce, "Auta, share hawayenki ki riƙe min ƙasa." Ta nuna min bugun da yatsunta, biyu a tsakiya ɗaya a gefe. Na kama ina shessheƙa. Sai ta rufe ido ta fara. Turancin farkon ba ta da shi, don haka ta tsallake shi ta faɗa tsakiyar kai tsaye. Da farko abin Gwaggo take yi, har inda mai busa yake shiga, ta yi nata ta yi nasa. Can sai na ji ƙarar sandar mai ruwa a cikin muryarta, na ji tashin tattabaru, na ji yadda Hajiya Kande take kiran jikanta daga saman rufi. Matan suka gane, suka fara nuna juna. Ni dai tire nake bugawa, ina tsoron kada in saki, domin na lura duk inda ta je a kan yatsuna take dawowa ta sauka. Da ta gama, Hajiya Kande ce ta fara magana, tana goge ido da bakin mayafi: "Kandala uban wa ya ce a sayi wani faifai? Ku mayar da akwatin nan ƙarƙashin gado." Ba a sake fito da garmahon ba.

Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Ba ta taɓa zama mawaƙiya ba, ba ta taɓa zuwa gidan biki da ganga ba, ba wanda ya san ta bayan matan rufin nan. Ta auri Malam Idi, mutumin kirki mai sayar da carbi a bakin hanya, wanda bai taɓa ɗaga mata murya ba. Sau ɗaya ya ji tana yi a kicin, ya ce, "Rabi, muna maƙwabtaka da Ɗakin Allah fa." Ta ce, "Na ji, Malam." Daga nan ta bar shi sai kwanakin Mina, in ya fita. Allah bai ba ta haihuwa ba, 'ya'yana ta raina, ta raini nasu.

Da rikoda ta shigo gari maigidana ya sayi ɗaya. A wani Hajji na ɗauke ta na je gidan Yaya da sabon kaset a jaka. Ta ƙi. Ta ce, "In kin kama shi, gobe za ki ce haka kaɗai ake yinsa. Ni kuwa ban taɓa yinsa iri ɗaya sau biyu ba." Na ce, "Yaya, ni na kashe Gwaggo, ki bar ni in biya." Ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta ce in ɗauko tire. Muka cika fuska ɗaya ta kaset ɗin. Muka saurara sau ɗaya, tana rufe baki da hannu tana cewa, "Wai ni ce wannan?" Sai maganar inda za a ajiye. Malam Idi yana da kaset ɗin tafsirin azumi, talatin a akwati ɗaya, kowanne da lambarsa. Mai lamba tara rikoda ta taɓa cinye zarensa, ya rage kwalin kawai, kuma Malam ya san da haka, ba ya buɗe shi. A nan ta saka namu. Ta ce, "Ba wurin da ya fi nan aminci a gidan nan."

Bayan haka abubuwa suka bi juna kamar yadda suke yi. Iyaye suka tafi, Hajiya Kande ta tafi, mazajenmu suka tafi. Aka zo aka shafa jan fenti a bangon gidajen unguwa, aka ce a tashi. Matan rufin suka watse, wasu Rusaifa, wasu Jidda, wasu aka mayar da su ƙasar da ba su taɓa gani ba. Yaya ta dawo wurina muka raba ɗaki ɗaya. Rufin wannan gidan na mai ginin ne, a kulle yake saboda tankunan ruwa. Ba ta sake yin waƙar ba, ni ma ban tambaya ba. Ina ganin akwai lokaci.

A watan Sha'aban ta rasu, bayan jinyar kwana tara. Aka yi mata salla a Harami, maza suka kai ta. A nan ba a rubuta suna a kabari, mu mata kuma ba ma shiga. Ɗana ya ce min tana wajen layi na kaza, kusa da katanga. Na ce Allah ya sa ta huta.

Da azumi ya kama na fara raba kayanta sadaka, kamar yadda aka saba, don ladan ya same ta a watan. Zannuwa da mayafai ba su yi wuyar fita ba. Akwatin tafsirin ne ba mai so, kowa ya ce a waya yake ji yanzu. Sai wata rana maƙwabciya ta shigo da baƙuwa, dattijuwa daga wajen Nijar da ta zo Umara ta sauka, wai wurin danginta, a unguwar Mansur. Ta ga akwatin ta ce a garinsu har yanzu rediyo mai kaset suke ji, mata sukan taru a gidanta. Na ji daɗi ƙwarai. Na buɗe na ƙirga a gabanta don kada in ba ta abu da giɓi, na buɗe kowane kwali na ga da kaset a ciki, talatin cif. Na ce, "Kin ga, Hajiya, ko ɗaya bai ɓata ba." Ta yi wa Yaya addu'a mai tsawo. Ban tambayi sunanta ba, ban tambayi garinsu ba. Ba a bin sadaka a ga inda ta sauka. A raina na ɗauka tun rasuwar Malam Idi Yaya ta cire namu ta mayar cikin akwatin zannuwanta, tunda babu sauran wanda za a ɓoye wa. Bayan ƙaramar Sallah, da gidan ya yi shiru, na ce bari in ji ta. Na zazzage akwatin zannuwa har ƙasa. Ina zaune a tsakiyar ɗaki lissafin ya zo min da kansa: da ta cire, ashirin da tara zan ƙirga.

Maƙwabciyar ta ce a Harami suka haɗu, ba ta san komai a kanta ba. Amal ce ta raka ni Mansur. Jikata ce, 'yar ɗana, tana karatu a jami'a, Larabci ya fi mata sauƙi a baki, Hausarta sai ta tsaya ta nemo. Muka bi masu sayar da abinci ɗaya bayan ɗaya. Wata mai masa ta ce, "Hajiya wacce? Nan duk wadda kika gani Hajiya ce." Na ce doguwa, mai tsage a kumatu. Ta ce, "Uwata, kin faɗi rabin Maraɗi." Daga ƙarshe muka sami gidan da ta sauka. Suka ce ba danginsu ba ce, haya ta kama na kwana ashirin tare da ayari, sun tashi tun kafin Sallah. A mota muna dawowa Amal ta riƙe hannuna, ta kira ni kaka da Larabcinta, ta ce, "Halas, ya Sitti. Ki gaya min yadda waƙar take, ni zan nemo."

Ta nemo kuwa, amma Gwaggo ta nemo. Kwana huɗu tana kunna min mata iri-iri a wayarta, ina cewa ba ita ba ce, har muka faɗa kan wata, tun kafin ta buɗe baki sosai na ce tsaya. Amal ta faɗa min sunanta, ban riƙe ba. Ta ce ta daɗe da rasuwa, ta nuna min ita tana tsaye a gaban ɗaki cike da Turawa sun miƙe suna tafi, ta ce har yau ana koyar da salonta a makarantu, kuma duk abin da ta taɓa rerawa yana nan a ajiye, ba abin da ya ɓata. Na ce ta cancanta. Na saurari waƙar tamu har ƙarshe, tas, ba ƙarar allura. Gajeriya ce. Na ce, "Ina sauran?" Amal ta ce, "Shi ke nan, Sitti, ta ƙare." Na sa ta maimaita. Babu mai ruwa, babu tattabaru, babu wurin nan da murya take sauka ƙasa ta daɗe kafin ta tashi. Duk shekarun nan abin da nake kira waƙar Gwaggo, ɗan farkonsa ne kawai nata.

Hajjin bana ya zo. Gari ba ya zama na mata yanzu, hanyoyi ne kawai ake rufewa, kowa ya zauna a gidansa. Rana ta biyu bayan Sallah ɗana yana wurin aiki, matarsa ta kwanta, Amal tana falo da wayarta. Bayan la'asar na sha shayi, na sauke kofin, na ga tiren a gabana. Na kife shi a cinya. Biyu a tsakiya, ɗaya a gefe. Yatsuna sun yi tauri amma ba su manta ba. Ban yi niyyar komai ba, nawa ɓangaren kawai nake yi, ina barin wurin Yaya a buɗe.

Ban ji shigowar Amal ba. Ta zauna a bakin gadon da Yaya take kwana a da, ta saurara, sai ta fara sa murya a wurin da na bari, a hankali, tana jin kunya. Ta ɗauko na Gwaggo da ta ji a waya, ta haɗa da wani abu da ban sani ba, irin na yaran yanzu, har da ƙarar da lif ɗin hawa bene na gidan nan yake yi in ya tsaya. Ba ta kusa da Yaya ba ko kaɗan. Na buɗe baki zan ce ba haka ake yi ba.

Ta tsaya ta ce, "Na ɓata ko, Sitti?"

Na duba, na ga duk inda ta je a kan yatsuna ta sauka. Na ce, "Ban ce ki tsaya ba. Ina riƙe da ƙasa."